Taya Ma Tana Shan Mai: Sharhi Ga Masu Ƙananan Motoci A Gwandu Da Kalgo



Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a jawabinsa na karɓar mulki, hirar masu mota ta canza salo a ƙasar nan. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuli ta wuce 600, zuwa Oktoban 2024 kuwa gidajen man NNPC na Abuja sun sayar da ita sama da naira 1,000. Daga tashar motar Gwandu har mahaɗar Kalgo, inda hanyar Birnin Kebbi ke rabuwa, wata ta nufi Jega wata ta miƙe Bunza da Kamba, da wuya direbobi biyu su haɗu su rabu ba a yi zancen shan mai ba.

Kowa ya nemo tasa dabarar. Mai Golf da ke jigilar fasinja tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi ya koyi sakin giya a gangara. Ma'aikacin Jami'ar Tarayya da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza ya daina kunna na'urar sanyaya mota sai zafi ya kai masa iya wuya. Saurayi mai 'yar ƙaramar mota mai gudu, wanda a da ba ya iya wucewa ta gaban majalisa bai taka totur ba, yanzu ya zama mai natsuwa dole. Ana canza fulogi, ana wanke injekta, ana zargin gidan mai da taɓa lita. Amma ƙafafun nan huɗu da motar ke tsaye a kansu, su ba a cika kula su ba sai ranar da ɗaya ta yi faci.

Alhali kuwa suna cikin manyan masu shan man. Kamfanin Michelin na Faransa ya daɗe yana faɗin cewa a ƙaramar mota, kusan tanki ɗaya cikin kowane biyar taya ce ke shanye shi. Mai sauraro zai ce, to ta ina? Taya ai ba ta da baki.

Ga yadda abin yake. Duk wanda ya durƙusa ya dubi tayar mota a tsaye zai ga wurin da ta taɓa ƙasa ya ɗan baje, faɗinsa bai wuce tafin hannun babban mutum ba. Idan mota ta fara tafiya, kowane sashe na tayar sai ya zo wannan wuri ya lotsa, sannan ya miƙe ya koma yadda yake. Tayar da aka fi gani a ƙananan motocinmu, mai lamba 195/65 R15, tana juyawa kusan sau 500 a kowace kilomita. A gudun kilomita 100 a awa, kusan sau 14 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Roba kuma ba ta mayar da duk ƙarfin da aka matsa ta da shi, wani kaso yana zama zafi ya bi iska. Shi ya sa in mota ta taso daga Gwandu ta tsaya a Kalgo, wanda ya ɗora hannu a kan tayar zai ji ta da ɗumi ko da sanyin safiya ne. Wannan ɗumin fetur ne da aka saya da kuɗi. Masana suna kiran abin turjiyar taya. Mai tura kurar ruwa ya san ta ba tare da ya shiga aji ba: ranar da iskar tayarsa ta ragu, jarka goman nan da ya saba turawa sai su koma masa tamkar goma sha biyar. Bambancin kawai shi ne injin mota ba ya haki a ji, sai dai allurar mai ta riƙa sauka.

An auna abin. Wani rahoto da Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar a 2006 ya nuna cewa in aka rage turjiyar taya da kashi 10 cikin ɗari, shan mai yana raguwa da kashi 1 zuwa 2. Ba abin a buga ganga ba ne, amma kuma ba abin rainawa ba ne, domin tazarar da ke tsakanin taya mai kyau da marar kyau ta ninka kashi goman nan.

A da can, duk wanda ya so taya mai sauƙin birgima sai ya haƙura da riƙon ƙasa, musamman in an yi ruwa. A 1992 Michelin ya fito da tayar da aka cuɗa robarta da sinadarin silika, dangin yashi, a madadin wani kaso na baƙin garin gawayin da aka saba zubawa. Wannan haɗin ya rage zafin da robar ke tarawa, bai kuma kashe riƙonta a jiƙaƙƙiyar kwalta ba. Sauran kamfanoni suka bi sahu, kowa da sunan da ya raɗa wa tasa: Bridgestone na da Ecopia, Dunlop na da Enasave, Goodyear na da EfficientGrip, Continental na da EcoContact, Yokohama kuma BluEarth. Daga Nuwamban 2012 Tarayyar Turai ta wajabta a manna wa kowace sabuwar taya takarda mai launuka da ke nuna abu uku: shan mai, riƙon jiƙaƙƙiyar hanya, da ƙara. Da farko matakan daga A zuwa G ne, a Mayun 2021 aka taƙaita su daga A zuwa E. A tsohon ma'aunin, tsakanin mota mai tayoyin A da mai tayoyin G, bambancin shan mai na iya kai kashi 7.5 cikin ɗari.

To, bari a zo kan samari, don a nan ne maganar ta fi daɗi, kuma a nan aka fi tafka asara.

Ƙananan motocin tsere na ainihi ba su da yawa a Kebbi. Abin da ake da shi shi ne Peugeot 206, Honda Civic, Golf da Corolla da aka yi wa kwalliya don su yi kama da su. Kwalliyar farko kuwa ita ce a cire rim ɗin da motar ta zo da shi, a sa babba na alminiyam mai ƙyalli, a ɗora masa faffaɗar taya mai siririn gefe. Ranar ɗaurin aure ko yawon sallah, babu shakka motar tana ɗaukar ido. Sai dai a 2010 mujallar motoci ta Amurka, Car and Driver, ta ɗauki Golf guda ɗaya ta riƙa canza mata ƙafafu, daga rim mai inci 15 har zuwa mai inci 19, tana aunawa. Da aka kai inci 19, nisan da motar ke yi da lita ɗaya ya ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari. Abin dariyar shi ne tashinta ma ya ragu, ta ƙara nauyin ƙafa. Wato mai motar ya biya kuɗin rim, ya biya kuɗin taya, ya ƙara kuɗin mai, sannan wanda bai canza komai ba ya wuce shi a hanya.

Su kansu masu ƙera motocin tseren ba haka suke tunani ba. Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989, ta kuma zama ƙaramar motar wasa mai kujera biyu da aka fi saye a duniya, da taya mai faɗin milimita 185 a kan rim mai inci 14 ta fara fita, wato ba ta kai taya mai lamba 195 da aka fi gani a ƙananan motocinmu faɗi ba. Da Toyota ya fito da GT86 a 2012, mota ce da aka yi musamman don masu son gudu da karya kwana, amma sai injiniyoyinsa suka ɗora mata Michelin Primacy, irin tayar da ake sa wa wasu nau'o'in Prius, motar da aka sani da ƙin shan mai. Hujjarsu ita ce mota mai sauƙin nauyi ba ta buƙatar ƙatuwar taya kafin direba ya ji daɗinta. In kamfanin da ya kashe biliyoyi wajen gwaji ya tsaya a nan, da wuya mai sayar da rim a bakin kasuwa ya fi shi sani.

Ga kuma hanyoyinmu. Taya mai siririn gefe an yi ta ne don kwalta mai santsi. Wanda zai shiga Dalijan ko Kambaza, ko ya gangara Diggi bayan ruwan Agusta ya ci gefen hanya, rami ɗaya ya isa ya fito wa tayar da ƙulu a gefe ko ya lanƙwasa rim ɗin. Tayar da ta yi ƙulu kuwa ta gama aiki, babu facin da ke gyara ta.

Zaɓen taya mai rage shan mai a Turai abu ne mai sauƙi, mutum ya dubi takarda ya nuna da yatsa. A nan ba haka ba ne. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya rufe tasa ta Ikeja a 2008, tun daga nan kasuwar ta koma hannun masu shigo da kaya. Mafi yawan sababbin tayoyin da ke shagunan Birnin Kebbi da Jega daga Asiya suke, wasu da takardar nan mai launuka, wasu babu. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama kwantenoni da aka cusa tayoyi a cikin juna, uku ko huɗu a cikin ɗaya, don a rage kuɗin dako da na kwastan. Tayar da aka murɗe aka cusa haka, wayoyin cikinta sun riga sun ji rauni tun ba ta taɓa kwalta ba, ko da kuwa ƙanshin sabunta bai bar jikinta ba.

Sai kuma 'yar Kwatano, wato tayar gwanjo. Tana cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta shigowa da su, amma babu garin da ba a ganinta jibge a bakin hanya, kuma ita ce talaka ke iya saye. Ba za a zauna a ɗakin watsa shiri a zagi wanda aljihunsa bai kai sabuwa ba. Abin da za a ce masa shi ne ya karanta gefenta kafin ya biya. A jikin kowace taya akwai rubutu da ya fara da haruffan DOT, a ƙarshensa akwai lambobi huɗu, galibi a cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, tana wa'azin cewa taya ta gama wa'adinta bayan shekara huɗu da ƙerawa. Kamfanonin taya sun fi haka sassauci, Michelin na cewa a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara in ta kai biyar, a jefar da ita in ta kai goma ko da zanenta bai cinye ba. Amma wanda ya san rana irin ta Maris da Afrilu a Kebbi, lokacin da zafi ke haura digiri 40, zai fahimci dalilin da ya sa FRSC ta matsa. Akwai kuma wasu tayoyin gwanjo da aka yi don ƙanƙara, ana gane su da hoton tsauni da ƙwayar dusar ƙanƙara a gefe. Robarsu laushi gare ta, a zafinmu tana cinyewa da wuri, tana kuma ƙara shan mai.

Akwai wata gaskiya da masu talla ba sa son faɗa, amma gara a faɗe ta. Suɗaɗɗiyar taya ta fi sabuwa sauƙin birgima, saboda robar da ke lotsawa ta ragu. Shi ya sa wani direban zai canza tayoyi huɗu ya dawo yana rantsuwa cewa motarsa ta ƙara shan mai, kuma ba ƙarya yake yi ba, ɗan ƙari ne da ke bajewa bayan tayar ta zauna. Kada wannan ya zama hujjar yawo da taya mai sanƙo. Zanen nan shi ke kore ruwa daga ƙarƙashinta. In ya yi ƙasa da milimita 1.6, a ruwan sama mota tana iya tashi a kan ruwan, a murza sitiyari ta ƙi juyawa, a taka birki ta ƙi ji.

Duk wannan bayani na sayen taya ne, wanda ake yi sau ɗaya a shekara biyu ko uku. Abin da ke cin kuɗi kullum yana wajen mai faci.

A tsaya a rumfar kowane mai faci da safe a kalli yadda ake yi. Injin iska yana ta tari, ga bahon ruwa baƙi ƙirin da ake tsoma tif, ga tulin tsofaffin tayoyi da yara ke zama a kai. Mota ta tsaya, direba bai ko kashe ta ba ya leƙo ta taga: "Malam, ƙara mini iska a bayan nan." Yaron shago ya jawo tiyo ya danna a bawul, ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa gefen tayar, ya kasa kunne. In ta yi ƙara kamar yadda yake so sai ya ce, "Alhaji, wagga ta yi." In direban mai lodi ne, shi da kansa zai ce a kai masa hamsin, wani ma sittin, musamman in buhunan albasar Gwandu ko Aliero ne a but da kan rufi. Gejin awo yana nan rataye a ƙusa, wani lokaci allurarsa ta daɗe da maƙalewa. Babu wanda ya buɗe ƙofar direba ya dubi 'yar takardar da kamfanin motar ya manna a jikin ginshiƙi, ko a bayan murfin tanki, wadda ta faɗi adadin iskar gaba da ta baya, da mota babu kaya da kuma in an cika ta. A yawancin ƙananan motoci adadin yana tsakanin 30 zuwa 35 ne a ma'aunin iska na PSI. Lambar da ke jikin tayar kanta, 44 ko 51, iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a zuba mata ba.

Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa duk PSI ɗaya da ya ragu a tayoyin huɗu yana ƙara shan mai da kusan kashi 0.2 cikin ɗari. Taya kuwa ko ba ta da huji tana sace iska a hankali, kusan PSI ɗaya a wata. Wanda ya yi wata shida bai auna ba, ga kuma bawul mai ɗan yoyo, cikin sauƙi zai riƙa yawo da ragin PSI 10 bai sani ba, don tayoyin zamani ba sa nuna laushi a ido sai abin ya yi nisa.

Akwai kuma wata al'ada da ta yi ƙarfi a tsakanin direbobi, cewa da bazara a rage iska don kada zafi ya fasa taya. Niyyar mai kyau ce, aikin ne a juye. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ta fi lotsawa, ta fi tara zafi, kuma ita ce ta fi fashewa a doguwar tafiya. Gaskiya ne iska tana kumbura in taya ta yi zafi, amma masu ƙera ta sun sa wannan a lissafi. Shi ya sa ake auna iska da safe kafin a yi nisa, kuma ba a sace ta in an tsaya a hanya an ga ta hau. Shi kuma mai cika ta har sittin, ya ɗan rage mai, amma tsakiyar tayar kawai ke taɓa ƙasa: birki ya ragu, zanen tsakiya ya cinye ya bar gefe, kowane rami kuma sai ya ji shi a ƙashin bayansa da kuma a kuɗin gyaran ƙafar mota.

Yanzu a ɗauki alƙalami. A ƙaddara mota tana shan lita 8 a kilomita 100, tana kuma yin kilomita 20,000 a shekara. Lita 1,600 ke nan. In taya mai sauƙin birgima ta rage kashi 4 cikin ɗari, an tsira da lita 64. In aka ɗauki lita a naira 900, kuɗin ya kama naira 57,600 a shekara. Mai haya da ke yin kilomita 50,000 zai tsira da lita 160, wato naira 144,000. Wannan lissafin shi zai gaya wa kowa matsayinsa. In tayoyin za su yi kilomita 40,000 kafin su ƙare, ribar man duka ba ta wuce naira 115,200 ba. To in bambancin farashi tsakanin saitin mai suna da saitin matsakaici ya fi haka, mai mota bai ci riba ta fuskar mai ba, sai dai ta fuskar ƙarko da lafiya. In kuwa bambancin bai kai haka ba, mai haya da wanda ke zirga-zirga kullum tsakanin Kalgo da Birnin Kebbi su za su fi saurin mayar da kuɗinsu.

Wanda kuma ke da lafiyayyun tayoyi a motarsa, kuskure ne ya cire su don ya sayi masu rage mai. Ya bari su ƙare tukuna. In lokacin canji ya zo, ya koma girman da kamfanin motar ya rubuta, ya nemi mai ɗauke da takardar launuka, kuma ya fara duba harafin riƙon jiƙaƙƙiyar hanya kafin na shan mai. Hukumomin Turai sun ƙiyasta cewa a gudun kilomita 80 a awa, tsakanin tayar da ta fi riƙo da wadda ta fi rauni, nisan tsayawa na iya bambanta da mita 18, tsawon ƙananan motoci huɗu a jere. A hanyar da shanu ke tsallakawa ba sallama, ga 'yan kabu-kabu, ga yara 'yan makaranta, babu litar man da ta kai wannan tazara daraja. Taya mai B a mai da A a riƙo ta fi mai A a mai da C a riƙo. In kuma bayan an sa sababbi aka ga mota tana ja gefe ɗaya, ko zanen yana cinyewa ta ciki kawai, a kai ta saitin ƙafa, don tayar da ke tafiya a karkace jan ta ake yi, ba birgima take ba.

Kira na ƙarshe ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshin Gwandu da Kalgo: geji mai kyau guda ɗaya bai kai kuɗin cika tankin Golf ba. A saya a ajiye a ofishin tasha, a ɗora wa ɗan kamasho alhakin auna tayoyin kowace mota da safe kafin a yi mata lodi. Masu faci su ma su gwada gejinsu da na wani, in allura ta mutu a canza. Kai kuma mai sauraro, gobe da safe kafin ka tayar da mota, buɗe ƙofar direba ka karanta lambar da ke jikin ginshiƙin nan, ka je a auna maka tayoyin huɗu har da safaya, ka kuma duba shekarar da aka ƙera su.